Babban Abokin Ango: Ingila da Gida

A Ingila ango yakan zaɓi babban abokinsa tun biki na da sauran watanni da yawa, kuma daga ranar da ya amsa ya ɗauki kaya. Shi zai shirya wa ango shagalin ban-kwana da samartaka, wanda yanzu kan zama tafiyar kwana biyu ko uku zuwa Dublin ko Prague, ya bi abokai ɗaya bayan ɗaya yana karɓar kuɗi. Ranar ɗaurin aure zobba suna aljihunsa, yana tsaye daf da ango a coci ko ofishin rajista. Doka tana buƙatar shaidu biyu su sa hannu, sau da yawa kuma yana cikinsu.

Abin da ke hana shi barci shi ne jawabi. A wurin cin abinci uban amarya zai yi magana, ango ya yi godiya, sannan shi ya miƙe. Ana so ya ba da dariya, hanyar da aka saba kuwa ita ce tono wautar da ango ya tafka a ƙuruciya, a gaban surukansa. Na zauna a irin wannan taro a Manchester na kasa ɗaga kai, ga uwar amarya tana share hawayen dariya.

A Kano ko Zariya magana ta manya ce. Baffa ko kawu ne wakilin ango, waliyyi ya bayar, a ambaci sadaki, liman ya ɗaura. Aboki yana can baya cikin gumi: rabon kati, tarbar baƙi, neman motocin ɗaukar amarya. Da dare ya raka ango da ledar kaza a hannu, ya sha ciniki da ƙawaye wajen sayen baki, ya yi 'yar nasiha, a shafa fatiha, ya fice. Ya san bashin da aka ci aka haɗa lefe, kuma har abada ba za a ji a bakinsa ba. In watarana amarya ta yi yaji, sau tari shi za a fara turawa biko kafin magana ta kai ga iyaye.

Wannan rufin asiri ba zan musanya shi da komai ba. Sai dai akwai abu guda a jawabin Turawa da ke taɓa min zuciya. In raha ta lafa, abokin yakan juyo ya dubi ango, ya faɗi ranar da angon ya tsaya masa lokacin da kowa ya watse, ya ce yana ƙaunarsa, jama'a na ji. Mu irin wannan yabo sai a zaman makoki muke furta shi. Yanzu da angwayenmu suka fara miƙa wa aboki makirufo a liyafar dare, ina roƙonsu su bar tonon silili ga masu shi, su ɗauki wannan ɓangaren.