Saura ƙiris in sayi giyabos, ashe aikin ɓera ne

Yau ba maganar saitin waya ko manhaja kaɗai na zo da ita ba, labarin motata zan ba ku, amma wayar hannu ce ta fitar da ni kunya a ciki.

Ina da wata tsohuwar jif 'yar Beljiyam, samfurin 2004, mai giyar otomatik. A cikin birnin Zariya nake, kuma babban aikin motar nan shi ne kai Hajiyarmu ganin likita a asibitin koyarwa na Shika. Ƙafafunta ba sa jure hawa Keke Napep, balle a yi ta sauka ana canza mota. Saboda haka in motar nan ta kwanta, ba ni kaɗai abin ya shafa ba.

Wata safiya a cikin damina muka fito ta Ƙofar Doka. Muna shiga Tudun Wada sai na ji motar ta yi "gim" kamar an buge ta ta baya. Fitilar injin ta kama, allurar da ke nuna gudu ta faɗi ƙasa ta sake tashi. Daga nan duk inda na tsaya, tashi sai ya zama da ƙyar, in taka totur injin ya yi ta kuka, motar tana jan jiki. Da muka wuce Kwangila muka miƙi hanyar Samaru kuma sai ta ƙi sakin giya ta gaba. Hajiya ta ce, "Lafiya kuwa motar nan?" Na ce lafiya lau Hajiya, amma gumi nake yi a cikin sanyi.

Da yamma na kai ta gareji. Bakaniken ya zagaya da ita sau ɗaya ya dawo ya ce, "Alhaji, motan nan giyan shi ya tafi. Sai dai a sauke a ɗora wani." Kuɗin da ya faɗa min ya haura albashina na wata huɗu. Har na fara lissafin sayar da babur ɗina. Ƙanena ne ya ce, "Yaya, kai da kullum kake koya wa mutane amfani da waya, ka tambayi motar da kanta mana."

Ga abin da yake nufi. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996, da na fetur na Turai tun daga 2001, suna da wata kafa mai ramuka 16 da ake kira OBD2, yawanci a ƙasan sitiyari. Akwai 'yar na'ura mai suna ELM327 da ake cusawa a wurin, ta haɗu da waya ta Bluetooth. Sai ka sauke manhaja irin Car Scanner ko Torque, ka murɗa makulli fitilu su kama, ka danna neman matsala. Masu iPhone ku lura, tsohuwar mai Bluetooth ba ta yi muku, ku nemi mai Wi-Fi ko mai Bluetooth 4.0.

Lamba biyu ta fito min: P0700 da P0720. Ta farko ba ta faɗin komai illa kwamfutar giya tana da ƙorafi. Ta biyun ce mai magana: siginar da ke zuwa daga sensa mai auna gudun da ke fita daga giya ba daidai take ba. Nan na gane dalilin da allurar gudu take rawa. Idan kwamfuta ba ta san gudun da mota take yi ba, ba za ta san lokacin canza giya ba, sai ta kulle motar a giya ɗaya, yawanci ta biyu ko ta uku, don kare giyabos ɗin. Wato motar ba mutuwa ta yi ba, kare kanta take.

Na ɗauki hoton fuskar wayar kafin in taɓa komai. Wannan muhimmi ne jama'a, kada ka goge lamba ba ka adana ta ba. Washegari na je wajen mai rewaya na nuna masa. Ya bi wayar sensan da fitilar hannu, minti goma ba a yi ba ya kira ni: "Oga zo ka gani." Ɓera ya gwigwiye rigar wayar, sili biyu kawai suka rage, su ma sun yi kore saboda ruwa. Kusa da shagon hatsi nake kwanar da motar, to ka ji. Ya yanke wurin, ya haɗa da dalma, ya naɗe. Muka goge lambar, muka yi gwaji har Ɗanmagaji muka dawo, giya tana shiga ɗaya bayan ɗaya. Abin da na biya bai kai kuɗin cika rabin tanki ba.

Ban tsaya nan ba, na duba man giya. Ka zaro sandar awo ka goga a farin kyalle. Mai lafiya ja ne garau. In ya koma ruwan ƙasa, ya tsufa. In baƙi ne yana warin ƙuna, ko kana ganin ɓurɓushin ƙarfe, to wannan kam ciwon na ciki ne, bakanike ya yi gaskiya. Kuma yadda ake awon ya bambanta: yawancin tsofaffin Toyota ana aunawa injin yana aiki giya tana P, Honda kuwa sai an kashe injin bayan ya yi zafi a auna nan take. Man ma ba ɗaya ba ne, Toyota na da T-IV da WS, Honda na da DW-1. Ba kowane jan mai na galan ba ne naka, karanta abin da aka rubuta a sandar ko a littafin motar. Nawa ya tsufa, sai muka kwance noti muka tsiyaye kusan lita 3 muka zuba sabo irin wanda aka rubuta. Ban yarda an wanke shi da injin matsi ba, don a tsohon giyabos hakan na iya tayar da dattin da ya kwanta ya toshe ƙananan hanyoyi.

Sai waifar baya. Ta fi shekara ba ta aiki, na raina ta, ina cewa ai gaba nake kallo. Amma duk wanda ya san lungunan birni, daga Kwarbai zuwa Limancin Kona, ya san wani wurin in kun haɗu da mota dole ɗaya ya yi ribas. Gilashin bayan jif kuma a tsaye yake, ƙura da taɓo duk can suke taruwa. Ranar da aka yi ruwan magariba ina ribas a ƙofar gida, ban ga komai ba sai ihun maƙwabcina na ji. Yaro ne ɗan makarantar allo ya raɓe a bayan motar yana fakewa ruwa. Taku ɗaya ya rage. Wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ga yadda muka bi ta, kai ma za ka iya. Da farko kunna waifar ka je baya ka kasa kunne. In kana jin motar waifar tana gurnani amma hannun bai motsa ba, ko notin ya saki ko ƙura da tsatsa sun riƙe sandar, kashe ta da sauri kada ta ƙone. In shiru ne, duba fiyus, murfin akwatin yana nuna wanne ne nata. In fiyus lafiya, a auna ko wuta bolt 12 tana isa filogin. Tawa ba ta isa. Sai mai rewayar ya bar waifar a kunne, ya riƙa buɗe ƙofar but a hankali. Tana kaiwa rabi, waifar ta yi tsalle sau ɗaya ta tsaya. Shi ke nan, asiri ya tonu. Akwai wata robar roba mai kama da maƙogwaro tsakanin jikin mota da ƙofar but, ta cikinta wayoyi suke wucewa. Shekara ashirin ana buɗewa ana rufewa, waya ɗaya ta karye a ciki. Aka sa sabon guntu mai laushi, na sayi sabuwar robar shara, magana ta ƙare.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, ban zama bakanike ba, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na'urar nan mai araha ba kowace mota take karanta wa kwamfutar giya ba, kuma lamba hanya take nunawa, ba ta ce lallai sensa ya mutu ba. Da na ruga na sayi sabon sensa, da asara na yi, tunda waya ce. Har yau da safe in motar ba ta yi zafi ba tana ɗan jijjiga tsakanin giya ta ɗaya da ta biyu, tsufa ne, na yarda. In ka gama amfani da na'urar kuma ka zare ta, kafar tana da wuta ko mota a kashe take, za ta iya shanye maka batir.

Abin da nake roƙo kawai, kafin ka yarda a sauke maka giyabos, a karanta lamba, a duba mai, a bi waya. Mu dai ranar Talatar da ta biyo baya mun isa Shika kafin ƙarfe takwas, Hajiya tana ta jan carbinta a baya ba ta ma san abin da aka yi ba. Motar kuma na canza mata wurin kwana.

Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.