Tsutsar Ƙuda da Aladun Kafanchan

Na san da yawa cikin masu karatu za su yatsina fuska da jin sunan alade, balle a gama shi da tsutsa. To, amma duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar Katsit, kusa da Kafanchan, ran Alhamis, ya ga fatake daga Kudu suna loda aladu a manyan motoci, ya san kiwon nan asusun talaka ne. Da kuɗin alade wata maƙwabciyarmu ta sa 'ya'yanta makaranta.

Abin da ke karya masu kiwo shi ne abinci. Dusar masara da ta burkutu suna cika ciki, amma ba su gina tsoka sosai. Waken soya kuwa, mutane ma nemansa suke yi, ya yi tsada.

Akwai wani baƙin ƙuda da Turawa ke kira soja, ba ya cizo, ba ya bin kwanon tuwo. Tsutsarsa takan cinye ruɓaɓɓen kayan lambu da ragowar abinci, cikin mako biyu zuwa uku ta yi ɓul-ɓul. In an busar da ita, wajen kashi 40 cikin 100 na nauyinta furotin ne, watau sinadarin gina jiki. Cibiyar ICIPE ta Nairobi ta gwada ta ga aladu da kaji, Tarayyar Turai kuma ta yarda a sa ta cikin abincinsu tun 2021.

Ni dai tsabta ce damuwata. Lalle a zuba wa tsutsar tafasasshen ruwa, a shanya ta sarai, don kada ta kwaso cuta daga shara ta kai garke.