Ruwan Tiga, Kukan Nguru

Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba, maganar ruwa ce, wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni Bakano ne, kuma duk Bakano ya san albarkar madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Da ruwanta ake noman rani a Kadawa da Kura, tumatur da shinkafa da alkama, har aka wayi gari matashin da a da yake tafiya cin rani ya zauna a gida yana cika mota da kaya. A 1992 aka ƙara ta Challawa. Babu mai hankalin da zai ce a rushe su, domin kuwa bakuna masu yawa ne suke ci daga gare su.

To amma kogi ba a Kano ya tsaya ba. Ruwan nan shi ne yake gangarawa ta Wudil ya zama kogin Haɗeja, ya bazu a fadamar Haɗeja da Nguru, ya haɗu da na Jama'are ya zama kogin Yobe, ya nufi Tafkin Chadi. Kafin a tare shi, da damina yakan cika ya malale fadama, da rani ya janye. A kan wannan cika da janyewa rayuwar mutanen can ta ginu: kifi ya hayayyafa, a shuka shinkafa, in ƙasa ta tsane a sa wake, Fulani su sami ciyawa, rijiyoyi su cika.

Da aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan rani da damina, sai hanyoyinsa suka daina bushewa, ciyawar kacala ta sami wurin zama ta toshe su. Ruwa ya rasa hanya, wani gari ya nutse, wani kuma ya bushe, ga tsuntsayen jan-baki sun sami maɓoya suna cinye hatsi. Ina da aminin karatu mutumin Gashuwa, duk ranar da na yabi tumatirin Kadawa sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, da kifinmu aka biya kuɗinsa."

Abin da yake damuna shi ne yadda muke lissafi. Buhun da ya fito daga gonar rani ana ƙirga shi, amma kifin da masunci ya kai gida da nonon da Bafulatana ta tatsa babu mai rubuta su, alhali su ma arziki ne. Kare fadama ba don tsuntsayen Turai da suke sauka a Dagona kaɗai ba ne, don cikin talaka ne.

A 2006 jihohi shida da kogin ya shafa sun zauna a Damaturu a kan rabon ruwan. Ni a ganina maganin bai wuce uku ba: a riƙa sakin ruwa yadda damina da rani suka saba, a yashe hanyoyin da kacala ta cinye, kuma kafin a ci gaba da madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are a zauna da mutanen Yobe a ji ta bakinsu. Na sama ba ya ƙoshi da yunwar na ƙasa.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, amin.