Rumfar Bakin Tasha

A ƙauyenmu akwai wani yaro da muka taso tare, ba za mu kama sunansa ba. Tun muna firamare, in mun nufi filin ƙwallo shi madafi yake nufa, ya tsuguna gefen mahaifiyarsa yana koyon tuƙin tuwo. Mu muka fara kiransa ɗan daudu, muna bin sa da tsokana har ƙofar gida. Ranar da babansa ya kore shi, babu ɗayanmu da ya ce ya zo ya kwana a zaurensu.

Bayan wata biyu muka je cin kasuwar garin da ke gaba da mu, sai ga shi a rumfar 'yan daudu ta bakin tasha, ya ɗaura zani yana soya kaji. Babbansu, wanda suke kira Uwa, shi ya ba shi tabarma da jari, yana ce masa "'yata". Abin da ya tsaya mana a rai dariyarsa ce. Duk zamanmu tare ba mu taɓa jin ta ba.

Tun zuwan shari'a a 2000, ga kuma dokar hana auren jinsi ta 2014, zaman irin wannan rumfa na ɗar-ɗar ne. Mu kuwa marubuta, in mun sako ɗan daudu a labari, don rangwaɗa da habaici ne kawai, a yi dariya a wuce.

Bara da sallah ya ba mu atamfa mu kai wa mahaifiyarsa. Ta karɓa, ta tura ƙarƙashin katifa kada maigida ya gani, sannan ta rage murya: "Bai dai rame ba ko?"