Adakar Uwargidan Malam

A wani gida da ke bayan majami'a a garin Bawku akwai adaka guda ta ƙarfe, irin wadda 'yan makarantar kwana ke zuba kayansu a ciki. Fentinta ya koɗe, makullinta ya ɓace tun tuni. A kan tubali huɗu take zaune, ba ta taɓa ƙasa, ba ta jingina da bango. Baƙo in ya tambayi abin da ke ciki, sai mai ita ta ce zane ne. Shi kuwa sai ya zaci zannuwan aure take nufi. Zane ne fa, amma ba na ɗaurawa ba. Zane-zanen da 'ya'yanta biyar suka yi ne tun suna ƙanana.

Mai adakar tsohuwa ce, matar wani malamin makarantar mishan wanda ya huta cikin Ubangiji. Aikin mijinta ne ya yi ta yawo da su, daga Salaga zuwa Yendi, daga Yendi zuwa Bawku. A kowane gari sun bar wani abu a baya, turmi ko gado ko tukunyar ruwa. Takardun nan ne kaɗai ba su taɓa bari ba.

A Salaga abin ya fara, a shekarar 1983, shekarar fari da gobarar daji da yunwa a ƙasar Ghana. Littafin rubutu ma ya yi wuya a kasuwa. Yara a ƙasa suke zane da tsinke, akuya ta bi ta kai, iska ta share sauran. Wata rana ɗanta na fari, yana da shekara biyar, ya samo yagen takardar buhun siminti, ya zana rijiya da gawayi, da mace tana jan guga. Ba abin mamaki ba ne, gama Salaga garin rijiyoyi ne tun zamanin fataken goro. Ya kawo ya ajiye kusa da ita bai ce komai ba. Ita kuwa itace ya ƙi kamawa, ta miƙa hannu ba ta duba ba, ta cusa takardar a murhu.

Yaron bai yi kuka ba. Tuwo ne kawai ya ƙi ci a daren nan. Ɗan fari ne, ba ta ko kiran sunansa, balle ta zauna tana ba shi haƙuri a gaban mutane. Amma da ya sāke yin wani zanen, ta ɗauka ta sa cikin Littafi Mai Tsarki na mijinta, ta tabbata ya ga ta sa. Abin da kunya ta hana baki faɗa ke nan.

Littafin ya yi ta kumbura har ɗinkinsa ya fara saki, Malam ya yi magana. Ta kwashe takardun ta zuba a kwali, ta tura ƙarƙashin gado. Damina biyu suka wuce. Ranar da ta jawo kwalin, gindinsa ya zauna a ƙasa, gara ta mai da abin da ke ciki ƙasa da gari. Uku kaɗai suka tsira.

Wanda ya koya mata ajiyar takarda maƙwabcinsu ne, wani tsohon malamin zaure, Musulmi, mai littattafan da ya gāda daga kakansa. Salaga tsohon garin ilimi ne. A nan Imam Umaru, haifaffen Kano, ya zauna yana karantarwa kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, ya koma Kete Krachi inda ya rasu a 1934. Tsohon ya ga tana shanya ragowar takardunta a tsakar gida, ya tambaya, ta faɗa masa tana jin nauyi, don a ganinta abin dariya ne a yi zancen zanen yara a gaban mai littattafai. Bai yi dariya ba. Ya sa aka ɗauko masa gafaka, ya kwance, ya nuna mata yadda warƙoƙin suke kwance tsakanin kwali biyu masu kauri, an ɗaure da tsirkiya, ba ɗinki ba manni.

Ya ce, “'Yata, takarda abokan gābanta uku ne, ƙasa da laima da duhun da ba a leƙawa. Ki ɗaga ta sama. Ki zuba busasshen ganyen dogon yaro a ciki. In hunturu ya shigo ki fito da ita ta sha iska a inuwa, ba a rana ba.”

Sa'an nan ya juya warƙa ta ƙarshe, ya nuna mata inda mai kwafi ya rubuta sunansa da lokacin da ya gama. Ya ce a shekarun 1960, sa'ad da mutanen jami'ar Legon suka yi ta zagaya garuruwan arewa suna aron littattafan malamai suna ɗaukar hotonsu, wannan wurin suke fara dubawa. Takardar da ba suna ba shekara, in ji shi, marainiya ce.

Daga ranar ta kama wata al'ada da ba ta sake ba. Kowane zane ya shigo hannunta, sai ta juya bayansa ta rubuta sunan yaron, da wata, da shekara, da garin da suke. Kuma ta tambaye shi, “Mene ne wannan?” Abin da ya faɗa, shi za ta rubuta, yadda ya faɗe shi, ko da Hausar ta karkace. Da fensir take rubutawa, don ta lura biro yakan ratsa takarda ya ɓata gaban, wani kuma ya koɗe. Sauran dabarun ɓarna ce ta koya mata su ɗaya ɗaya. Gawayi da alli suna gogewa, sai an shimfiɗa farar takarda a tsakani. Kala mai kakin nan tana narkewa da zafin bazara ta manne da ta samanta. Salatif yakan bushe ya faɗi ya bar tabo ja. Fil da ƙusar stefila suna tsatsa. Leda kuma, wadda kowa ke cewa ita ce maganin ruwa, ita ce ke kulle laima a ciki har fumfuna ta fito. Adakar ƙarfen a Salaga aka saye ta, da kuɗin adashen zumuntar mata.

A 1991 aka mai da su Yendi, garin Ya Na, inda Lloyd da Margaret Shirer suka fara aikin Assemblies of God a 1931. A can matsalar ta juya. Da takarda ce babu, yanzu ta yi yawa. Yara biyar, kowace Lahadi kowa ya dawo da jirgin Nuhu ko kifin Yunusa, ga na makarantar boko a kai. Kafin shekara ta zagayo murfin adaka ya ƙi rufuwa. Ta nemi a sayi ta biyu.

Malam ya ce, “Uwargida, mu da ake ɗauka da mota ɗaya? Adaka ɗaya ce, ba za ta haihu ba.”

Ta yi fushi kwana biyu. Da dare na uku, wajen addu'ar iyali, ya buɗe Littafin Fitowa sura 16 ya karanta labarin manna: yadda waɗanda suka tara fiye da na yini suka wayi gari ya yi tsutsa, da yadda duk da haka aka umarta a ɗebi mudu guda a sa a tulu, domin jikoki su ga abin da aka ci a jeji. Bai ƙara komai a kai ba. Ita ma ta san da wa ake.

Ga shirin da suka yi. Aka ɗaura igiya a bangon falo, sabon zane a rataye shi da abin shanya, ya yi wata guda kowa na gani. In an sauke, a tara a kwali a saman kabad. Ranar da ta biyo bayan Sabuwar Shekara a baje su duka a tabarma, kowane yaro a zaɓar masa biyar: uwa biyu, uba ɗaya, mai zanen biyu. Saura a aika wa kakanni da wasu, wasu a ba mai ƙosai, wasu murhu.

Shekarar fari ta zaɓi masu kyau, waɗanda aka yi wa maki da jan biro. Daga baya ta gane ta yi wauta. Waɗannan ai na malamin aji ne, abin da ya zana a allo yara arba'in suka kwafa. Jirgin Nuhu na Yendi da na Tamale duk ɗaya ne. Amma akuya mai ƙafa biyar, wadda mai zanen ya ce ta biyar ɗin ta gudu ce, ba a kowane gida ake samunta ba. Haka keken Malam da aka yi masa ƙafafu sun fi jikinsa tsawo. Yaran kansu ba su taɓa yin wannan kuskure ba, kullum abin da babba zai jefar shi suke ɗauka.

A watan Fabrairu 1994 yaƙi ya tashi daga wajen Bimbilla, tsakanin Kwankwamba a gefe guda, da Nanumba da Dagwamba da Gwanja a ɗaya gefen. Ya ci ƙauyuka fiye da 400, ya kai har ƙasar Yendi da ta Salaga. Aka rufe makarantu. Ɗansu na uku, mai shekara takwas, ya zauna a ɗaki yana zana abu ɗaya kullum, ɗakunan ciyawa da wuta a kansu, har jar kalarsa ta ƙare. Malam ya ce a ƙone su, ba abin tunawa ba ne, kuma ba a san wanda zai shigo ya gani ba. Ta ƙone duka sai ɗaya. A bayanta ta rubuta abin da yaron ya ce: “Gidan su abokina ne, amma sun fita tukuna.”

Da aka sami motar da za ta kai mata da yara Tamale, aka ce kowa ƙunshi ɗaya. Ta bar tukwanenta, ta kwashe ɗauri biyar ɗin daga adaka ta naɗe a zane ta ɗora a kai. Wata mata a motar ta taɓa ƙunshin ta ce, “Ke kuwa takarda za ki dafa musu?” Ba ta da amsa, kuma maganar matar ba ƙarya ba ce, sun yi mako suna aron tukunya. Adakar daga baya Malam ya zo da ita, wayam.

Bawku suka koma a 1995. Shekara biyu bayan haka, cikin zafin rani na 1997, sanƙarau ya ratsa arewacin Ghana. Fiye da mutum 18,000 suka kamu, fiye da 1,300 suka mutu. Autarsu, yarinya mai shekara bakwai, ta kwanta ran Talata da ciwon kai, aka kai ta asibiti, ran Jumma'a aka binne ta.

Ba a yi wata biyu ba da zaɓen shekarar. An ɗauki biyar nata kamar kullum, an ba mai ƙosan bakin titi sauran. Kwana uku bayan jana'iza, ba ta gaya wa kowa ba, uwar ta tafi wurin mai ƙosan ta tambaya ko da saura. Matar ta zazzage kwandonta, ta sami biyu, mai ya riga ya ratsa su. Ta ƙi karɓar ko sisi.

Dokar biyar-biyar ba ta da laifi. Da ba don ita ba da ba a iya ɗaukar komai daga Yendi ba. Uwargidan ta san haka, ta kuma faɗa da bakinta. Duk da haka ba ta ƙara jefar da takardar yaro da hannunta ba. In lokacin zaɓe ya yi, ta ɗauki nata biyu ta tashi ta shiga madafa, Malam ya ƙarasa.

Ɗaurin auta warƙa ashirin da biyu ne, har da masu man nan biyu. Hotonta guda ne tak a gidan, na ranar Kirsimeti, ta ƙame ta tsare mai hoto da ido kamar soja. Ba a ganinta a ciki. A bayan takardun ake jin ta. “Mama ce tana faɗa da kaza.” “Wannan Yesu ne, ya gaji, ya zauna.” “Ni ce, na yi girma, ina da takalmi mai tsini.” Uwar ta ce fuskar takan ɓace mata wani lokaci, amma in ta karanta waɗannan, muryar takan dawo har da yadda take jan ƙarshen magana.

Da wayar hannu ta zo, wata jikarta ta ɗauki hoton takardun duka, gaba da baya, ta aika wa iyayenta da kawunnanta. Tsohuwar ta yarda da wannan, ko da yake wayar farko ta faɗa ruwa sai da aka sāke aikin. Da aka ce a kai su shago a manne su cikin roba da na'ura mai zafi, ta ƙi. Ta ce abin da aka rufe ba ya buɗuwa, kabari ne.

Rikicin sarautar Bawku ya sāke tashi a ƙarshen 2021, aka sa dokar hana fita, ana jin bindiga da dare. Ta tuna Yendi. A Kirsimetin 2022 ta sa 'ya'yanta huɗu suka zo, ta buɗe adaka ta miƙa wa kowa ɗaurinsa, ta ce kada wuta ɗaya ta cinye duka. Ɗan farin, wanda shi ma ya fara furfura, ya kwance nasa, ya tarar da uku na Salaga a sama, gefensu duk cin gara. Ya daɗe yana kallo. Na ukun ya karanta bayan tasa mai wuta, ya ninke hannu, ya fita waje.

Babbar 'yarta ta ce, “Mama, na auta fa? In tafi da shi Kumasi?”

Ta ce, “Ki bar shi tukuna. Ranar da kuka zo ɗaukata, ki ɗauka.”

Ta mai da ɗaurin cikin adaka, ta zuba sabon ganyen dogon yaro. Adakar ta zama kusan wayam. Wani ɗan jikanta mai shekara huɗu, da ke tsaye yana leƙe tun ɗazu, ya ruga ya dawo da bayan kalandar ikkilisiya, ya yi wani abu mai ƙafafu da yawa a kai. Ta karɓa ta juya, ta ce a miƙo mata fensir da tabaranta.

Ta ce, “To, maigidana, mene ne wannan?”