Masauki ko Zango: Inda Baƙin Sturgis ke Kwana

Mazauna garin Sturgis, a jihar Dakota ta Kudu ta Amurka, kimanin 7,000 ne. Amma kowace shekara a farkon watan Agusta, tsawon kwana 10, masu babura kusan rabin miliyan ke kwarara cikinsa. Taron ya samo asali ne a 1938, lokacin da Clarence Hoel, dillalin babura ƙirar Indian, ya shirya tsere tare da ƴan ƙungiyarsa. A 2015, karo na 75, an ƙiyasta mahalarta sun haura 700,000. Gadajen garin ba za su ɗauki wannan jama'a ba, don haka tun kafin mahayi ya duba tayar baburinsa, sai ya warware batun inda zai kwana.

Hausa tana da kalmomi biyu da suka dace da zaɓin. Masauki daga sauka ya fito: wuri ne da wani ya tanada, baƙo ya iso ya tarar. Zango kuwa ayari ne ke yada shi da kansa, kuma kalmar ta haɗa wurin tsayawa da tazarar da ke tsakanin tsayawa biyu, shi ya sa ɗalibai ke cewa zangon karatu. Wannan ma'ana ta biyu, ta tazara, ita ce mahayin Sturgis ya fi mantawa da ita idan ya zauna yin lissafi.

A ɗauki misalin magidanci mai shekara sittin, da matarsa a bayan babur. Hankalinsa ga otal zai fara tafiya, kuma yana da hujja: gado, ruwan wanka, na'urar sanyaya ɗaki, da ƙofar da ake kullewa. Sai dai ƴan ɗakunan da ke Sturgis akan kama su watanni da yawa kafin taron, kuɗinsu ya ninka, wasu otal-otal kuma ba sa ba da ɗaki sai na kwanaki a jere. Abin da yakan samu yana Deadwood, kilomita 20 da ɗoriya, ko Rapid City, wajen kilomita 45 a kan babbar hanya mai lamba 90. Da rana wannan ba tafiya ba ce ga wanda ya keto jihohi. Da tsakar dare kuwa, bayan wuni guda a rana, hanyar ta zama wata aba dabam. Barewa na tsallaka titi a tsaunukan Black Hills, cikin masu komawa akwai waɗanda suka sha giya, kuma dokar jihar ba ta tilasta hular kwano ga wanda ya kai shekara 18 ba. Ɗakin yana da daɗi, amma kowane dare sai an biya kuɗinsa sau biyu, na biyun a kan kwalta.

Zango ya kawar da wannan tafiya. A Buffalo Chip, filin da aka buɗe a 1981 ƴan kilomitoci gabas da garin, mutum kan tashi daga gaban dandalin mawaƙa ya taka da ƙafa zuwa tantinsa. Kuɗin shiga ba kaɗan ba ne, tunda har da na kallon wasa a ciki. Barci ne dai ba a sayarwa: injuna na ruri har gab da asuba, hantsi na yi tanti ya zama tanda, ga layin wanka, ga hadarin Agusta da kan sauko da iska da ƙanƙara. Saurayi zai shanye wannan yana dariya. Magidancin nan kuwa, bayan dare uku ba barci, shi ne zai hau lanƙwashe-lanƙwashen hanyar Needles ido na lumshewa, matarsa a baya. Hatsarin da ya guje wa da dare ya dawo masa da rana.

Mutanen garin sun daɗe da gane wannan tsaka mai wuya. Wasu kan ba da hayar gidajensu su bar gari har taron ya watse, wasu kuma su bar baƙi su kafa tanti a ciyawar ƙofar gida. Ga irin wannan magidanci, zaɓin nan ya fi sauran ma'ana, ko da yake ba ya da ƙawar otal ko shagalin fili. Unguwa ba ta kai filin wasa hayaniya ba, kuma babban titin garin, inda babura ke jere a tsakiya da gefe, tafiyar ƙafa ce. Babur kan kwana a inda aka jingine shi tun magariba.