Tiyar Dala Hamsin

A wani ƙauye da ke kudu da Maraɗi, kusa da iyakar Najeriya, akwai wani tsohon malamin lakwal wanda har yau ake kira Mushe, ko da yake ya daɗe da ajiye alli. A cikin akwatinsa na ƙarfe, ƙarƙashin takardun ritaya, yana adana wani kaye mai shuɗin bango. A cikinsa ne ya rubuta sunayen masu sayen hatsi a shekarar 2005, lokacin da aka sa shi cikin kwamitin saida hatsin gwamnati mai rangwamen farashi, domin shi ya iya lissafi, kuma ba a taɓa kama shi da ha'inci ba.

Damanar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta afka wa gonakin arewa. Gwamnati ta ƙiyasta giɓin abinci da tan dubu 223, aka ce mutum fiye da miliyan 3 na cikin hatsari. Giɓin bai kai na 1984 ba, shekarar da tsofaffi ke kira El-Buhari. Hatsi bai ɓace daga kasuwa ba. Yana nan jibge a mangazojin Maraɗi, manyan motoci na kwasar wani zuwa Najeriya inda ya fi daraja. Abin da ya ɓace shi ne ikon saye. Kafin watan Yuli buhu mai kilo 100 ya doshi jika 30, farashin dabbobi kuma ya faɗi, har mai akuya ya kai ta kasuwa ya dawo da abin da ba zai ciyar da gidansa mako guda ba.

A Yamai, gwamnati da ƙasashe masu ba da agaji sun tsaya kan magana guda: ba za a raba abinci kyauta ba. Hujjarsu ita ce kyauta na karya kasuwa, tana kuma koya wa talaka zaman jira. Sai aka yanke a saida buhu jika 10, watau tiya dala 50. Tun a shekarun 1980, a zamanin gyaran tattalin arziki, aka rage wa ofishin abinci na ƙasa, OPVN, yawancin aikinsa, aka bar farashin hatsi a hannun kasuwa. A Janairun 2005 kuma aka ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari kan fulawa, madara, sukari, ruwa da lantarki. Sai da jama'a suka cika titunan Yamai a watan Maris, aka rufe kasuwanni a manyan garuruwa, kafin a janye yawancin harajin a watan Afrilu.

Mushe bai ga laifin hujjar ba. Ya girma a gidan da ake ganin roƙo abin kunya ne, ya kuma shekara ashirin yana gaya wa yara cewa mutum da guminsa yake cin abinci. A ganinsa dala 50 adalci ce, tunda a kasuwa tiya ta kusa dala 150.

Wata safiyar Talata, bayan an yi shuka, wata mata ta iso gaban teburinsa da goyo a baya. Ya san ta: ɗanta na fari ajinsa yake, mijinta kuma ya tafi cin rani Kano bai aiko da komai ba. Ta durƙusa, ta kwance wani ƙyalle, ta fito da tasa guda, ragowar jeren ɗakinta.

«Mushe, ka riƙe wannan, a auna mini tiya biyu. In an yi girbi in fanshe ta.»

«Baiwar Allah, ki yi haƙuri. Hatsin ba nawa ba ne. An hana mu ba da bashi, kuma kowace tiya sai na rubuta kuɗinta.»

«To, Mushe. Allah ya ba mu wucewa lafiya.»

Hannunsa ya kai bakin aljihu. Sai ya ɗaga kai ya ga layin da ke bayanta, ya ga waɗansu ƙyallayen a ƙulle a hannun waɗansu matan. Ya lissafta albashinsa da bakin da yake ciyarwa, ya janye hannu. Ya ce ta dawo ranar Juma'a, zai ga abin da za a yi. Ranar Juma'a ba ta zo ba, shi ma bai aika a nemo ta ba. Daga baya ya ji cewa gidansu anza suke jiƙawa kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, su haɗa da ganyen tafasa.

A watan Yuli masu ɗaukar hoto na ƙasashen waje suka sauka Maraɗi, duniya ta ga yaran da ke kwance a cibiyar ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 a Nijar a wannan shekara. Abin da aka ce ba shi yiwuwa sai ga shi ya yiwu cikin ƴan makonni. A watan Agusta aka fara rabon kyauta, a daidai lokacin da shugaba Mamadu Tanja ke gaya wa BBC cewa babu yunwa a ƙasar, mutanensa a ƙoshe suke. A cikin watan ne Kofi Annan ya zo Damagaram ya gani da idonsa.

Ranar rabo a ƙauyen, Mushe aka sake bai wa alƙalami. A ranar ne sunan matar ya fara shiga takardarsa. Ta zo da buhu a hannu, zanen goyon yana ɗaure a ƙugu.

«Ina yaron?»

«Ya koma, Mushe. Yau kwana goma sha biyu.»

Ya yi mata ta'aziyya, ta amsa, aka auna mata. Ba ta taɓa tada maganar tasa ba, har ɗanta ya gama lakwal a hannunsa.

Mushe ba ya cewa tiya biyu da ta ceci yaron. Ya san zazzaɓin damana da gudawa sun kwashe yara har a gidajen da rumbu bai ƙare ba. Ya kuma san masu tsoron kyauta ba duka ne marasa imani ba: ya ga hatsin agaji a kasuwa, ya kuma tuna cewa zargin karkatar da shi na cikin abin da ya kada gwamnatin Diori Hamani a 1974. Abin da ya kasa yafe wa kansa shi ne lissafin. Shi da ke koyar da ɗebewa da tarawa, sai da ya ga tasa a gabansa ya gane cewa ga wanda ba shi da ko dala, 50 da 150 duk ɗaya ne. An yi rangwamen ne don mai ɗan abin hannu. Wanda ya fi kowa bukata, tsarin bai yi masa gurbi ba.

A 2010 sojojin da suka kifar da Tanja sun fito fili sun ambaci yunwa da sunanta, agaji kuma ya fi saurin isowa. Mushe ya ɗauka an koyi darasi. A 2025 sai ya ji a rediyo cewa Amurka ta rushe hukumarta ta agaji, USAID, majalisarta kuma ta rage kuɗin tallafin abinci na talakawanta, ta tsaurara sharaɗin aiki ga masu karɓa. Ya saurari masu kare matakin, ya gane maganar tun kafin su ƙare: wadda ya yarda da ita ce a gaban teburinsa.

Jikokinsa sun taɓa tambayarsa me ya sa yake ajiyar tsohon kaye. Ya buɗe ya nuna musu: suna, yawan tiya, kuɗi, babu kuskure ko guda, har sufeton da ya duba ya yaba. Sa'an nan ya ce musu duk wanda ke cikin waɗannan shafuka yana da dala 50 a ranar. Sauran mutanen ƙauyen, shi kaɗai ke riƙe da sunayensu, kuma ya fara mantuwa.